Sidni Tana da Masu Gida

A asibitin da nake aikin jinya a yammacin Sidni, a ƙasar Ostireliya, akwai wata tambaya da ƙa'ida ta ce a yi wa duk wanda aka kwantar, komai kamanninsa: shin kai ɗan Aborijin ne ko ɗan tsibiran Torres, wato 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar? A watannina na farko a bakin aiki, gani nake ido ma ya isa ya amsa wannan tambaya. Wata rana da la'asar aka kawo wata tsohuwa mai ciwon suga, ƙafarta ta kumbura har ba ta shiga takalmi. Fara ce tas, gashi fari fat kamar auduga, idanu masu ruwan toka. Ina cike takardarta na iso layin, na ɗaga kai na dube ta, na tsallake zuwa na gaba. Ashe idonta yana kan alƙalamina. Ta ce, "'Yata, kin bar ɗaya." Ta miƙo yatsa ta ɗora a kan layin. Ta ce ita 'yar Aborijin ce, 'yar ƙabilar Wiradjuri, kuma wannan hasken fatar da nake gani shi ya sa hukuma ta raba mahaifiyarta da tata uwar tana 'yar shekara bakwai, aka kai ta gidan horar da 'yan mata na Cootamundra don a koya mata aikatau a gidajen Turawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jira har na cike layin, sannan ta ce in miƙo mata ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a ranar ina da takardar shaidar cewa na gama horon da ake kira ƙwarewa kan al'adu. Awa biyu ne a gaban kwamfuta, a ƙarshe a yi maka 'yan tambayoyi, na kuwa amsa su daidai. An gaya mana wasu dattawa ba sa son a zuba musu ido. An gaya mana a wasu yankuna ba a kama sunan mamaci sai an daɗe, abin da ni Bahaushiya ban sha wahalar ganewa ba, tunda na taso inda uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta. An nuna mana tutarsu, baƙi a sama, ja a ƙasa, rawayar rana a tsakiya. Babu ƙarya a ciki. Sai dai hoton da na tashi da shi a kaina na wani baƙin mutum ne can cikin hamada, da zanen farar ƙasa a ƙirjinsa, tafiyar kwana da kwanaki daga birni. Wannan hoton ne ya rufe mini ido daga matar da ke kwance a gabana.

Ra'ayina a kan wannan batu tun daga ranar bai sauya ba. Duk horon sanin al'adun mutane da bai fara daga tarihin ƙasar da kake tsaye a kanta ba, ɓata lokaci ne, kuma yana iya cutarwa, domin yana ba mutum ƙarfin gwiwar da bai cancanta ba. Mai takarda yana jin kamar ya yi sauka. Alhali karatun mutane ba a sauke shi.

Kalmar ƙwarewa kan al'adu kanta daga Amurka ta zo. A 1989 wasu masana, cikinsu har da Terry Cross wanda shi kansa ɗan asalin ƙabilar Seneca ne, suka yi amfani da ita wajen bayanin yadda hukumomin kula da yara ya kamata su yi aiki da al'ummomin da ba Turawa ba. Abin da suke nufi ya fi ƙarfin ɗabi'ar ma'aikaci ɗaya, tsarin ma'aikatar gaba ɗaya suke magana a kai. A kusan lokaci guda, a ƙasar Niyuzilan, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Maori mai suna Irihapeti Ramsden ta kawo wata fahimta da ta fi kwanta mini: majinyaci ne kaɗai zai ce ko ya sami aminci a hannunka, ba kai ba. Hukumar da ke yi mana rajistar aiki a Ostireliya ta rungumi wannan ma'auni yanzu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'ar Sidni ma tana da cibiya ta musamman kan wannan fanni, kuma na yaba da cewa ta ɗauki birnin kansa a matsayin abin karantawa. Nan ne daidai wurin farawa.

Ƙidayar 2021 ta sami mutum 812,728 da suka bayyana kansu a matsayin 'yan Aborijin ko 'yan tsibiran Torres, kashi 3.2 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Fiye da kashi ɗaya bisa uku a manyan birane suke zaune. A Sidni da kewayenta kaɗai akwai kimanin 90,000, adadin da ya ɗara na dukan Yankin Arewa, inda masu yawon buɗe ido suke tururuwa don su ga "na ainihi". Mafi yawansu suna nan yamma, a su Blacktown da Mount Druitt da Penrith da Campbelltown, unguwannin da mu baƙi muke kama haya saboda sauƙin kuɗi. Direban bas ne, malamar makarantar 'ya'yanmu ce, lauya ne, ɗan wasan ƙwallon zari-ruga ne. A wannan jiha da yawa suna kiran kansu Koori. Kuma ba launin fata ke tabbatar da mutum ba: a duba jininsa, a ji shi da bakinsa ya ce shi ɗan ciki ne, al'ummarsa kuma ta karɓe shi. Idan biyu suka haɗu, tambayar farko ita ce kai ɗan gidan wa ne, daga ina mutanenka suke, kamar dai yadda tsofaffinmu suke yi kafin a shiga zance.

Ka je bakin ruwa inda jiragen fito suke ɗaukar fasinja, wurin da ake kira Circular Quay. Sunansa Warrane kafin zuwan Turawa, ƙasar mutanen Gadigal ce, ɗaya daga cikin dangogin da ake haɗawa a kira su Eora. Nan ne Arthur Phillip, gwamnan farko da Ingila ta turo, ya sauke ayarin jirage 11 cike da fursunoni da sojoji ranar 26 ga Janairu 1788. Ba a sayi ƙasar ba, ba a ƙulla yarjejeniya da kowa ba. Dokar Ingila ta ɗauka kamar fili ne da ba shi da mai shi, a nahiyar da mutane suka yi dubban shekaru goma-goma a cikinta suna magana da harsuna fiye da 250, kuma haka doka ta zauna har sai da babbar kotun ƙasar ta rushe wannan da'awa a shari'ar Eddie Mabo a 1992. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan saukar jiragen, a watan Afrilu 1789, cutar agana ta ɓarke. Turawan da kansu sun rubuta yadda suka riƙa tsintar gawarwaki a kogon duwatsu da bakin gaɓa. An ƙiyasta kusan rabin mutanen yankin ne suka mutu. Duk wanda ya san abin da annoba take yi wa gari ya san ba rayuka kaɗai take ɗauka ba. Tana tafiya da tsofaffin da suka san waƙa, suka san dokar aure, suka san inda ake samun ruwa.

Daga nan kana hango fararen filafilan gidan wasannin nan da ake bugawa a kowane kati na Ostireliya, wanda aka buɗe a 1973. Tsibin ƙasar da yake kai sunansa Bennelong Point. Bennelong mutum ne, ɗan dangin Wangal, wanda Phillip ya sa aka kamo a watan Nuwamba 1789 aka ɗaure shi da sarƙa don a sami tafinta. Ya koyi Turanci, ya tsere, ya dawo bisa sharaɗinsa, aka gina masa ɗakin bulo a daidai wurin, ya je Ingila a 1792 ya dawo a 1795, ya rasu a 1813. Matarsa Barangaroo, masunciya ce daga dangin Cammeraygal, irin matan da ke kamun kifi daga kwale-kwalen ɓawon itace da ƙugiyar katantanwa, kuma an san ta da ƙin sa tufafin Turawa. Yau sunanta ne a kan unguwar dogayen benaye da bankuna da gidan caca. Ma'aikata dubbai suna faɗin sunanta kullum a matsayin tashar sauka, kaɗan ne suka san mace ce.

Akwai kuma abin da ke cikin bangon kansa. Tsawon dubban shekaru mutanen bakin ruwan nan suna cin naman katantanwar teku suna tara ɓawon wuri guda, har ya zama tuddai. Da Turawa suka rasa farar ƙasar da za su kwaɓa ginin bulo da ita, sai suka sa fursunoni suna kwasar tuddan suna ƙonawa. Har an taɓa kiran wannan tsibi da sunan masu ƙona ɓawon. Ke nan gine-ginen farko na Sidni, da ragowar abincin masu ƙasa aka liƙe su. Tun da na san haka, ba na iya wuce tsohon bango a tsakiyar birni ban duba tsakanin duwatsunsa ba.

Labarin da na fi so shi ne na Patyegarang. Yarinya ce matashiya wadda a wajen 1790 zuwa 1791 ta riƙa zuwa wurin wani hafsan soja mai nazarin taurari, William Dawes, tana koya masa harshenta, shi kuma yana rubutawa a 'yan ƙananan littattafai. Littattafan suna ajiye a makarantar SOAS da ke Landan, makarantar nan da ta daɗe tana koyar da Hausa, kuma suna cikin manyan madogaran masu farfaɗo da harshen Sidni a yau. A ciki akwai kalmar putuwa, wato ka ɗumama hannunka a wuta sannan ka matsa yatsun wani a hankali don shi ma ya ji ɗumi. A ciki kuma akwai inda ya tambaye ta dalilin fushin mutanenta, ta ce saboda fararen fata sun zauna musu a ƙasa, tsoronsu kuwa saboda bindiga ne. Dawes ya zauna ya saurari yarinya ƙarama a matsayin malamarsa. Da aka tura shi cikin rundunar ramuwar gayya da aka aika bayan jarumin 'yan Aborijin Pemulwuy ya soki mafaraucin gwamna da mashi a ƙarshen 1790, ya je ba da son ransa ba, ya dawo ya faɗa wa gwamna cewa ya yi nadama kuma ba zai sake bin irin wannan umarni ba. Bai daɗe a ƙasar ba bayan haka. A ganina ba a taɓa yin darasin sanin al'ada da ya wuce wannan ba a Sidni: saurare ya kai mutum har ya ƙi wani aiki, ya kuma biya kuɗin ƙin. Pemulwuy kuwa ya yi shekara goma sha biyu yana yaƙi, aka harbe shi a 1802, aka yanke kansa aka aika Ingila.

Wani zai ce wannan duk tsohon zance ne, me ya haɗa shi da ɗakin majinyata? To, ga zaren. A 1814 Gwamna Macquarie ya kafa makarantar kwana a Parramatta don raba yaran 'yan ƙasa da iyayensu a mai da su Turawa. A 1823 aka mayar da ita wani wuri da mutane suka riƙa kira garin baƙaƙe, kuma daga nan ne Blacktown ta samo sunanta. A 1883 aka kafa hukumar da aka ce ta kare 'yan Aborijin a jihar. A 1915 aka ba ta ikon ɗauke yaro ba tare da zuwa kotu ba. 'Yan mata aka riƙa kai su Cootamundra, maza kuma Kinchela, kuma ba a rushe wannan tsari a jihar ba sai 1969. Binciken da gwamnati ta fitar a 1997 ya ce tsakanin 1910 da 1970, daga ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku na yaran 'yan ƙasa an raba su da danginsu. Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairu 2008.

A lura, 1969 jiya-jiya ce. Waɗanda aka ɗauke suna nan da ransu, suna zuwa a auna musu hawan jini. Kuma sau da yawa daga asibiti aka riƙa ɗauke jariran, ma'aikatan jinya irina suna tsaye, wani lokacin da hannunsu. Saboda haka idan uwa 'yar Aborijin ta ƙi barin jaririnta a ɗakin jarirai ko na minti goma, ko majinyaci ya tattara kayansa ya fice kafin a sallame shi, abin da alƙaluma suka nuna ya fi faruwa a cikinsu, sai ka ji ana cewa ba su da haɗin kai. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda bai san 1915 ba zai rubuta taurin kai a fayil, na gaba ya karanta ya ɗora a kai. Har yau ɗan Aborijin yana rasa kimanin shekara 8 na tsawon rai idan aka kwatanta da sauran 'yan ƙasa, kuma kusan ɗaya cikin kowane fursuna uku a gidajen yarin Ostireliya daga cikinsu yake.

Amma ba na son a tsaya a kan hawaye, domin wannan ma wata hanya ce ta ƙin ganin mutane. A Sidni aka haifi gwagwarmayar. Ranar 26 ga Janairu 1938, birni yana shagalin cika shekara 150, su Jack Patten da William Ferguson da William Cooper suka tara jama'a a wani zaure a titin Elizabeth suka ayyana ranar a matsayin ranar makoki. A 1965 Charles Perkins, ɗalibi a Jami'ar Sidni, ya jagoranci 'yan'uwansa ɗalibai a cikin bas zuwa garuruwan karkara irin su Walgett da Moree, inda a Moree ɗin ake hana yaran Aborijin shiga wurin iyo na gari. A 1967 fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a gyara tsarin mulki a riƙa ƙirga su cikin jama'ar ƙasa.

Sai Redfern. Unguwa ce a gefen tsakiyar birni, inda ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Eveleigh da masana'antu suka jawo 'yan Aborijin daga ko'ina cikin jihar. Da kamen 'yan sanda ya yi yawa, matasa irin su Paul Coe da Gary Foley suka fara bin su da littafi suna rubuta wa aka kama, yaushe, a ina. Daga wannan aka kafa ofishin lauyoyi na kyauta na 'yan Aborijin a 1970. A 1971 aka buɗe asibitinsu na kansu a wani ɗan shago, da hannun Shirley Smith wadda kowa ke kira Mum Shirl, da Gordon Briscoe, da likitan ido Fred Hollows. Likitocin farko sa kai suka yi. Abin da ya bambanta wurin da sauran shi ne al'umma ce ke riƙe da ragamarsa, ita ke ɗaukar likita aiki. Yau akwai irin waɗannan cibiyoyi fiye da 140 a faɗin ƙasar. Ba su jira an horar da asibitocin gwamnati su iya karɓarsu ba. Wannan shi ya sa nake cewa ma'aunin gaskiya na ko wata ma'aikata ta san al'adar mutane shi ne a duba wa ke yanke shawara a cikinta, wa ke riƙe da kasafin kuɗi. Zanen ɗigo-ɗigo a bangon ɗakin jira abu ne mai kyau, amma ba ya amsa wannan tambaya. A filin shaƙatawa na Redfern ɗin ne kuma Firaminista Paul Keating ya tsaya ranar 10 ga Disamba 1992 ya faɗa da bakinsa cewa su ne suka ƙwace ƙasa, suka kawo cututtuka da giya, suka yi kisa, suka raba 'ya'ya da iyayensu mata. Yanzu tsadar gidaje ta kori yawancin iyalan daga Redfern zuwa yamma, wajenmu.

Nan ne maganar ta iso kanmu, mu da muka zo karatu ko aiki daga Afirka da Asiya da ƙasashen Larabawa. Na sha jin 'yan'uwa suna cewa wannan rigima ce tsakanin Turawa da 'yan ƙasa, mu ba ruwanmu, kakanninmu ba su kashe kowa ba, mu ma ai Ingila ta mulke mu. Gaskiya ne a 1903 sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato. Amma Turawan da suka zo mana sun zo mulki ne suka koma. Sun bar mana gonakinmu da harshenmu da sarakunanmu, duk da ɓarnar da suka yi. Waɗanda suka zo nan, zama suka zo yi, kuma mai zama sai ya ture mai wuri. Bizar da ke cikin fasfona, gwamnatin da ta gaji wannan zaman ce ta ba ni. Gidan da nake haya a ƙasar mutanen Darug yake. Ban ɗauki laifin da ban yi ba, amma ina cin amfanin abin da aka yi, kuma a tarbiyyar da na samu, wanda ya shiga gida yakan tambayi mai gida ya gaishe shi, ko da wani ne ya buɗe masa ƙofa. Baƙar fatarmu ma ba ta sa mun fahimce su kai tsaye ba. Ni shaida ce. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda wasunmu, wata shida da zuwa, suke ɗaukar maganganun raini da suka tsinta a wurin aiki, cewa malalata ne, mashaya ne, gwamnati ce ke ciyar da su, suna maimaitawa ba tare da sun taɓa zama da ko mutum ɗaya ba. Irin maganganun da ake yi a kanmu ne a bayan idonmu.

Mu Musulmi kuma muna da wani dalilin ƙari. Tun a ƙarni na 18, kafin jiragen Phillip, masunta Musulmi daga Makassar ta Indunusiya suna zuwa gaɓar arewa kowace shekara suna ciniki da mutanen Yolngu, har aka hana su a farkon ƙarni na 20. Daga shekarun 1860 kuma masu raƙuma daga Afganistan da arewacin Indiya suka ratsa hamada, da yawansu suka auri mata 'yan ƙasa, zuriyarsu tana nan. Alaƙar ta girmi masallacin unguwar Lakemba da ke nan Sidni nesa ba kusa ba.

Ranar 14 ga Oktoba 2023 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a kafa majalisar ba da shawara ta 'yan asalin ƙasa a cikin tsarin mulki. Kimanin kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a, ba jihar da ta amince. Mazaɓun tsakiyar Sidni sun ce e, mazaɓun yamma inda baƙi suka fi yawa akasarinsu sun ƙi. Ba zan ce duk wanda ya ƙi mai wariya ne ba. Cikin 'yan Aborijin ɗin kansu akwai waɗanda suka yaƙi shawarar, su Sanata Jacinta Nampijinpa Price da Warren Mundine daga wani ɓangare, Sanata Lidia Thorpe daga wani ɓangaren da ke ganin yarjejeniya ya kamata a fara yi. Wannan saɓani ma darasi ne ga mai zaton mutum dubu ɗari takwas baki ɗaya gare su. Abin da ya dame ni shi ne taken da ya yi tasiri a lokacin, wai in ba ka sani ba ka ce a'a. Na ji maƙwabta suna maimaita shi da natsuwa, kamar rashin sani wani matsayi ne da za a tsaya a kai. Mutumin da ya haddace tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa zai iya ba da yammaci ɗaya ya san wa ya riga shi zama a unguwarsa.

Game da gaisuwar da ake buɗe taro da ita kuwa, inda mai magana yake ambaton masu ƙasa da dattawansu na da da na yanzu, na san ana ta muhawara, wasu sun ce ta yi yawa. Iri biyu ce. Maraba ta ainihi dattijon wannan ƙasar kaɗai ke yin ta, wani lokaci da hayaƙin ganye. Ta biyun kowa zai iya yi, amincewa ce kawai. Ni ina goyon bayan a ci gaba, ko da kuwa na sha ganin ana karanto ta da sauri ido a kan waya. Sallama ba ta zama banza don wani ya yi ta da gatse. Gyaran shi ne mai yin ta ya san sunan da yake faɗa, ya san bambancin Gadigal da Darug da Dharawal, ya kuma yarda cewa bayan sallama akwai zama. Tun 2022 tutar 'yan Aborijin, wadda Harold Thomas ya zana a 1971, take kaɗawa dindindin a kan babbar gadar Sidni. A 2024 kwalejin Trinity ta Kambirij ta maido wa al'ummar La Perouse mashi guda huɗu daga cikin waɗanda matuƙin jirgin ruwan Ingila James Cook da mutanensa suka kwashe a 1770. La Perouse ɗin nan, a bakin mashigin Botany, mutanenta ba su taɓa barin wurin ba. Na je kasuwarsu wata Lahadi na ga mata suna sayar da 'yan ƙananan takalma da siffar gadar Sidni da aka lulluɓe da ƙananan katantanwa, sana'ar da suka gada daga kakanni tun ƙarni na 19. Na sayi takalmi ƙafa biyu, kowanne bai wuce tsawon yatsana ba, suna kan tagar ɗakina.

Tsohuwar nan ta yi kwana tara a wurinmu. Layin da na so tsallakewa shi ne ke sa a sanar da jami'ar tuntuɓa ta 'yan Aborijin cewa ga tata an kwantar, kuma washegari ta zo ta zauna da ita. A kwana na uku dangi suka cika baranda, sun fi goma sha biyar, ƙa'ida kuwa mutum biyu ne a bakin gado. Na je na roƙi shugabar sashenmu ta buɗe musu ɗakin hutawa, muka tura gwaggon a keken majinyata zuwa can. Zuwa lokacin Gwaggo nake kiranta, kamar yadda nasu suke kiran dattijuwa ko da ba jini. Ranar sallama, ina naɗe mata ƙafa, ta tambaye ni ni kuma daga ina mutanena suke. Na ce Zariya. Ta sa na maimaita har ta iya faɗa. Sannan ta gaya mini sunan kogin mahaifiyarta, wanda taswira ke kira Lachlan, ta ce su Galari suke cewa, ta sa ni ma na maimaita.